Yadda Na Ɗora wa Liman Bashin Aya

Kawuna dillalin aya ne a Gazawa, yana saye a ƙauyukan Agye yana kaiwa Maraɗi, mutanen da yake bi bashi kuwa sun fi gashin gemunsa yawa. Ni da na ɗan taɓa kwamfuta sai na bugi ƙirji: "Kawu, zan haɗa maka shafi a salula. Ka taɓa sunan mutum kawai, jan ɗigo ya sauka a kansa, an san ana bin sa."

Ya ce, "To, ɗan nan, amma manya a sama." Haka aka jera: surukinsa, sai liman, sai sauran dattawa, samari masu cin bashi can ƙasa. Na gwada a sunayen sama, ɗigo ya zauna daram.

Ashe burauza ba awo ɗaya gare ta ba. Tana da clientY, mai ƙirgawa daga saman tagar da ido ke gani, da pageY, mai ƙirgawa daga ainihin farkon shafin. Kamar fasinja ne a motar Agye zuwa Gazawa: kujerarsa ta uku bayan direba ba ta canzawa, amma hanya tana ta wucewa a ƙarƙashinsa. Shafina kujera yake ƙirgawa, babu ruwansa da hanya. Kawu ya ja shafi fiksel 1,600, ya taɓa sunan wani saurayi a 300 daga saman taga. Gurbin yaron 1,900 ne, amma ɗigo ya tashi ya koma 300 na shafi. Wa ke zaune a nan? Suruki.

Da yamma yaron shago ya duba, ya hau babur, ya yi sallama a zauren tsohon: "Baba, an ce jika arba'in." Mutumin da Kawu ko sunansa ba ya kamawa don kunya!

Kawu ya iske ni ina shan fura. "Kai, wace gaba ce tsakaninmu?"

Jiki na rawa na cire clientY na sa screenY, tunda sunan ya fi kwarjini. Shi kuma daga can saman gilashin salula yake farawa, har da wurin batir da layin adireshi. Ɗigo ya gangaro kaɗan, ya saki suruki, ya faɗa kan liman. Yaron shago, Allah ya shirya shi, ba ya jiran a aike shi sau biyu.

Maganin layi ɗaya ne: a ƙara scrollY, wato nisan da aka ja shafi, a kan clientY, ko a ɗauki pageY tun farko. Goron ban haƙuri kuwa daga aljihuna ya fita.

Don Allah, duk mai zuwa wajen Malam ya gaya masa ba a bin sa ko dala. Ni na gaji da sallah a sahun baya, kusa da takalma.