Na Sayi Keke, Aka Ba Ni Waswasi Gyara

Akwai ciwon da nake ɓoye wa abokan hawan keke, don na san abin da za su yi da ni a majalisa in suka ji: tsoron kekena nake yi. Tsoron mota da ɗan acaɓa kowa na da shi, wannan ba abin kunya ba ne. Ni keken da na zuba kuɗina na saya, shi nake zargi kullum da shirin karyewa a ƙarƙashina.

Kwaɗayi ne mafarin abin. Na ji cewa tun shekarar 2000 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana a shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba, don kada maƙera su yi ta rage nauyi har abin ya zama haɗari. Sai raina ya biya, ni ma ina son keken da zan ɗaga da yatsu biyu a gaban mutane. Ban tambayi kaina wace gasa zan shiga ba. Ban kuma dubi tumbin da nake turawa a gabana ba, wanda shi kaɗai ya fi keken nauyi. Sabo ya fi ƙarfin aljihuna, sai na sayi na hannu, irin wanda ake shigowa da shi daga Turai, na kabon tun daga gangar jiki har sandar sirdi.

Bayan na biya ne na zauna karatu. Kabon zare ne da ya fi gashi siranta, ana jera shi shimfiɗa kan shimfiɗa, a jiƙa da wani irin danƙo, a gasa a mazubi har ya daskare. Ƙarfinsa ba na wasa ba ne, don kusan rabin nauyin jikin jirgin sama samfurin Boeing 787 irin wannan haɗin ne. Halinsa ne abin tsoro. Ƙarfe in ya ji wuya yakan lanƙwashe ko ya loɓa, ka gani da idonka ka sauka. Shi kuwa kabon, in ya bugu, shimfiɗun na iya rabuwa daga ciki alhali fentin waje na ta sheƙi, sai ranar da ya ga dama ya karye ɓaras. Tun daga wannan karatun barcina ya ragu.

An ce a riƙa ƙwanƙwasa shi da sulalla, kamar yadda mata ke ƙwanƙwasa tukunyar ƙasa a kasuwa: wuri mai lafiya zai yi ƙara tas, mai tsaga kuma muryarsa a dishe. Neman sulalla a Najeriyar yau shi kansa aiki ne. Sai a tsohuwar adakar Hajiyarmu na samo naira ɗaya, ta yi baƙi. Bayan sallar isha'i nakan durƙusa a tsakar gida, tocila a baki, kunne a jikin keke, ina bi gaɓa-gaɓa. Inda aka yi haɗi da kauri, ƙarar daban take ko da lafiya lau ne, amma kunnena bai yarda da wannan uzurin ba. Masu gwajin gaskiya da na'urar duba ciki irin ta asibiti suke yi, ni kuwa da kuɗin da ko mai rake ba ya karɓa. Wani dare uwargida ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Maigida, in wani abu ne ke damunka ka faɗa, a nemi addu'a tun da wuri."

Sai maganar ɗaure noti. A jikin wuyan keken an rubuta 5 Nm, wato iyakar ƙarfin da za a ɗaure shi. In aka zarce, ana iya murƙushe kabon ɗin da ke ƙasa. Na sayi sufana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ƙarfin ya kai. Duk da haka wata rana larura ta kai ni wurin Baba mai gyaran keke na bakin titinmu, wanda tun Raleigh ɗin mahaifina yake wannan sana'a, kuma ma'auninsa jijiyar hannunsa ce. Yana ɗora sufana na yi tsalle na riƙe masa hannu.

"Baba, don Allah a hankali!"

Ya ɗaga keken da hannu ɗaya, ya jinjina, ya ce, "Ɗana, wannan in ya karye ta ina za a kama shi da walda?"

Na ce ba a yi masa walda.

Ya ce, "To ashe roba ka sayo da kuɗin babur."

An ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni ko saran ba a taɓa yi min ba, saran wasu nake tarawa. Na haddace yadda hannun keken Mathieu van der Poel ya karye a tseren Le Samyn na Beljiyam a watan Maris na 2021, har kamfanin Canyon ya nemi masu irin wannan samfurin su dakata da hawa. Na san a ƙarshen wannan shekarar kamfanin Specialized ya kira kekunansa Tarmac SL7 a dawo da su gyara, saboda sandar da ke riƙe da tayar gaba na iya tsagewa. Wani aboki ya so ya kwantar min da hankali, ya tuna min cewa sandar da ta karye wa George Hincapie a tseren Paris-Roubaix na 2006 ta alminiyom ce, hannun keken da ya kifar da Alex Porter na Ostireliya a gasar Olamfik ta Tokyo na titaniyom ne, sannan hannayen feda 760,000 da kamfanin Shimano ya kira a duba a Amurka da Kanada a 2023 su ma alminiyom ne. Nufinsa kabon bai fi sauran laifi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da na fahimta shi ne babu abin yarda a jikin keken ko ɗaya. Na je da tsoro guda, na dawo da uku.

Mai waswasi yana son wanda zai rantse masa, don haka na koma ga garanti. Na karanta sharuɗɗan kamar mai shirin jarrabawa. Yawancin kamfanoni mai saye na farko suke wa cikakken alkawari, kuma sai da rasit daga dilan da suka amince da shi. Kuskuren ƙira suke ɗauka. Faɗuwa, karo, ɗaure noti fiye da kima, duk naka ne. Wasu sukan rage wa wanda ya yi haɗari kuɗin sabuwar gangar jiki, amma shi ma galibi mai rasit ne. Rasit ɗina kuwa shi ne "Allah ya sa albarka" da muka yi da mai kaya.

Na san duk wannan, amma da na ga wani ɗan layi kusa da sirdi sai na ɗauki hotonsa ta kowace kusurwa, na rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa. Amsa ta zo cikin ladabi: in daina hawa, in kai wa dilansu mafi kusa ya duba, tare da rasit. Dila mafi kusa sai an nemi biza. Kafin in gama lissafin kuɗin jirgi, ƙaramar 'yata ta lakato yawu ta goge layin. Biro ne, kuma aikinta ne.

Akwai ƙwararru a ƙetare da ke gyara kabon ɗin da ya tsage, su yanke wurin su sake shimfiɗa zare. Akwai kuma dubban mutane da ke hawan irin kekena shekara da shekaru ba abin da ya same su. Hankalina ya yarda da wannan, zuciyata ce ta ƙi. In ina gangarowa daga tudu na ji ƙas, sai in damƙe birki in fara kalmar shahada, ko da tsakuwa ce ta bugi taya.

Yanzu dai na samo garantin da ba ya buƙatar rasit: keken da ba a hawa ba ya karyewa. Na kabon na rataye a bangon falo, baƙi na yabawa, ni kuma ina zuwa kasuwa a kan tsohon na ƙarfe da Baba ya yi wa walda. Uwargida ta ce tunda ado ya zama, a sayar a sayi labule. Na ce ta ƙara haƙuri, akwai wasu tayoyin kabon na hannu da nake ciniki, an ce za su rage masa nauyi sosai.