Yadda Mark Knopfler Ya Shiga Shari'ar Aure a Adar

Kuɗin albasa ne suka sa ni sana'ar bidiyo. A ranin 1998 na yi ƙwadago a fadamar Tarka, kusa da Madawa, ina ban ruwa ina ɗinke buhuna, kuma maigidana ya sallame ni da mutunci. Da na ƙirga abin da na tara sai na ga zai isa abu ɗaya cikin biyu: ko sadaki, ko tele. Na zaɓi tele, don ita tana maido da kuɗinta.

Telen tsohuwa ce, na saye ta hannun wani ma'aikaci da aka canza wa gari. Akwatin bidiyon kuwa a kasuwar Bangi na same shi, can bakin iyakar Najeriya. Na haɗa da hayar ƙaramin gurup mai ba da wuta, na ɗora kayan a motar 'yan kasuwa, na rungume telen a cinya, muka hau duwatsun Adar. Madawa ta riga ta cika da gidajen kallo, shi ya sa na nufi ƙauyen kakannina da ke tsakanin Buza da Keita, inda ba ni da kishiya.

Kaset ne bai wadace ni ba. Ina da Indiya guda, ina da kareti guda, kafin a jima yara sun haddace su har suna riga jarumin magana. Ana haka sai kawuna da ke biɗa a Abijan ya aiko da kwali. A Adar da wuya ka shiga gidan da ba shi da mutum a Abijan, kuma kwalin ɗan biɗa ba a raina shi. Ƙarƙashin sabulai da atamfa na tarar da kaset, an rubuta masa da biro: Dire Straits, Alchemy.

Na san sunan, don malaminmu na Ingilishi a kwaleji ba ya rabo da kiɗansu. Wasa ne da suka yi a zauren Hammersmith Odeon na birnin Landan a watan Yuli na 1983, aka fitar da shi a 1984, kuma har gobe masu jin jita suna sa shi cikin manya. Na aika yaro ya zaga gari yana shelar sabon fim daga Ingila, manya dala goma, yara dala biyar. Bayan isha'i gidan ya cika, mata a tabarmi gefe guda, maza a kan duwatsu.

Da hoto ya fito, babu launi ko ɗigo. Lokacin nan yawancin ƙasashen da Faransa ta rena, har da Nijar, suna kan tsarin SECAM, Ingila da Najeriya kuwa suna kan PAL. Akwatina yana karanta duka biyun, amma telen 'yar gidan gwamnati ce, SECAM kaɗai ta sani, in ka ba ta PAL sai ta zubar da launin ta miƙo maka baƙi da fari. Ga shi kaset ɗin ba na asali ba ne, jikan jikan kwafi ne, kuma a VHS kowane kwafi sai ya ci zakkarsa daga hoton. Saman allon ya karkace hagu, ƙasansa wani farin layi na ta rawa, tsakiya kuwa kamar ana sheƙar gero gaban fitila. In gurup ya yi tari hoton ya tsuke, muryar mawaƙin ta yi kasala, in ya farfaɗo kowa ya koma tsawonsa. Ni dai sai bayan 2010, da aka gyara fim ɗin aka fitar da shi a DVD da Blu-ray, na tabbatar mutanen nan suna da hanci.

Waƙar farko ta kai minti 13. Jama'a suka yi haƙuri, a zatonsu sunayen 'yan wasa ake nunawa. Da aka shiga ta biyu sai wani saurayi ya ɗaga murya: "Malam, yaushe za a soma hwaɗa?" Na ce a saurara. Wani ya tambaya wane ne bos, aka yi shawara, aka tsayar da mai ganga, tunda shi kaɗai aka ga yana dukan wani abu. Wata gwaggota ta ƙura wa mawaƙin, Mark Knopfler, ido, ta ga ƙyalle ɗaure a goshinsa, ta ji yadda yake gunguni maimakon ya buɗe murya, ta ce, "Wayyo, bawan Allah, ciwon kai a garai, ku bar shi ya kwanta." Da ya ɗauko jitar nan tasa ta ƙarfe mai ƙyalli, mata suka ce faranti ne, za a raba abinci.

Hukunci mafi tsanani ya fito daga bakin wani dattijo da ya sha kallon makaɗi Ɗan Gurmu a Tawa. Ya saurara da kyau, sannan ya ce wannan ba makaɗi ba ne. Tun ɗazu bai ambaci sarki ba, bai wasa attajiri ba, bai zagi marowaci ba, shi ya sa duk taron nan babu wanda ya tashi ya manna masa ko dala. Na buɗe baki in kare Bature, sai na ga ba ni da hujjar da za ta shiga kunnen dattijon.

Mutum ɗaya ne bai yi gunaguni ba, wani yaron Buzu da ya biyo ayari daga wajen Ibohaman. Ya matso har numfashinsa na taɓa gilashi, ba ya kallon komai sai hannun dama na Knopfler, wanda ke tsinkar tsirkiya da yatsu tsirara. Ya roƙe ni in tsayar da hoton. Na danna, sai farin layin nan ya taso daga ƙasa ya kwanta daidai kan yatsun. Na saki, na sake dannawa, layin ya sake komawa wurin. Yaron bai damu ba, ya ci gaba da motsa yatsunsa a kan gwiwa. Ban yi masa dariya ba. Bombino na Agadas ta kallon bidiyon Jimi Hendrix da wannan Knopfler ɗin ya goge hannunsa a zaman gudun hijira, Mdou Moctar kuma, ɗan jiharmu ta Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Aka zo "Sultans of Swing", wadda saboda ita duniya ke sayen kaset ɗin. Na miƙe tsaye na ce kowa ya buɗe kunne. Kiɗa ya yi zafi, mai ganga ya haukace, Knopfler ya sunkuya zai shiga wurin nan da yatsunsa ke gudu. Sai allon ya yi fari fat, ya yi ƙara, sannan ya washe.

Launi! Ja, kore, ruwan ɗorawa, komai tangaran, har zufar goshin mutane kana gani. Ashe wani ya naɗi biki a kan wasan, da SECAM, kuma naɗin fari. Telena ta ji harshen gida. Ga rumfuna a wata unguwa ta Ajame, can Abijan, ga guɗa, ga tukwanen shinkafa. Nan take wuri ya kaure da murna, kowa na nuna nasa: ga ɗan wance, ga ƙanen wane, kai, dubi yadda ya yi ƙiba! Wata tsohuwa ta taso tana gaida ɗanta ta gilashi, tana faɗan bai amsa ba.

Sai mai ɗaukar hoto ya juya kan ango. Shadda sabuwa tana ɗaukar ido, agogo, tumbi, ga amarya a gefe ana yi mata fifita. Kowa ya gane shi. Shi ne wanda wasiƙarsa ta iso da kaka, yana cewa ciwo ya kwantar da shi, aiki ya tsaya, a yi haƙuri da gero bana. Uwargidansa tana tabarma ta biyu, da goyo a bayanta. Ta kwance goyon, ta miƙa wa maƙwabciya, ta gyara ɗamara, ta ce mini, "Ɗan nan, maida baya."

Na maida. Daren nan ban san iyakar maidawar da na yi ba. Washegari labari ya kai Tamaske, mutane suka riƙa zuwa a kan jakuna, na ɗaga kuɗin shiga zuwa dala ashirin babu wanda ya yi ciniki. Sharaɗinsu ɗaya ne: a tsallake mai ciwon kai.

'Yan'uwan matar suka kai ƙara gun maigari, aka kira ni da kayana a matsayin shaida. Sai dai maɓallin turawa gaba ya riga ya mutu da wahala, yaron da ke taya ni kuma, don nuna ƙwazo, ya naɗe kaset ɗin har farko. Babu dabara. Maigari da liman da dattawan gari suka zauna a zaure, fiye da rabin awa, suna kallon Dire Straits cikin ƙura, babu mai cewa uffan, don a wurin shari'a ba a katse shaida. Liman yana jan carbi. Can maigari ya karkato, ya nuna Knopfler da sanda.

"Wanga shi a waliyyin amarya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, makaɗi ne."

Ya gyaɗa kai. Ya ce lalle angon ya samu duniya, tunda har Nasara yake ɗaukowa su yi masa kiɗa, saboda haka a rubuta masa: buhu huɗu na gero, da turmin atamfa, kafin watan azumi. Kaset kuma ya zama kayan shari'a, a sa shi a akwatin maigari. Na yi ƙarfin hali na tambaya wa zai biya man gurup. Aka ce a rubuta wa angon wannan ma.