Halittun da Masu Ɗaukar Aiki Ke Nema

Duk wanda ya saba karanta tallan guraben aiki, a jarida ko a LinkedIn, ya san ba irina da irinka ake cigiya ba. Wasu halittu ne na daban, kowace da kirarin da aka yi mata.

Na gaba-gaba shi ne Ɗan Baiwa: kada shekarunsa su wuce 26, amma ya zo da gogewar aiki ta shekara 5. To, mu buga lissafi. Digiri shekara 4 ne a takarda. Yajin aikin ASUU ya lashe wata 9 a 2020, ya ƙara da wata 8 a 2022, ga shekarar bautar ƙasa, ga zaman jiran gurbin karatu tun da farko. Sai dai in za a sa masa da tsaron shagon kawunsa a Kantin Kwari. Shi ya sa maganin ke harabar kotu, wurin masu buga takardar rantsuwar shekaru. Mutum ya shiga yana babban wa, ya fito ƙaninsa ya ba shi shekara biyu.

Sai "mai jure matsin aiki". Wannan shi ne wanda za a yi wata uku ba albashi, ya haɗu da oga a bakin ƙofa ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara arziki."

"Mai iya haɗa ayyuka da yawa" kuwa, shi ya fi ba ni tausayi. Akawu aka ɗauke shi. Kafin wata ya zagayo shi ne mai ta da janareto, shi ne mai ɗauko yaran oga daga Islamiyya, in firinta ta cije shi ake harara. Ranar sunan jikar manaja za ka gan shi da babbar riga yana jera kujerun roba.

Akwai "mai kishin aiki, ba don kuɗi ba". Shi ake wa alƙawarin "albashi mai tsoka", kuma tsokar ba ta kai naira 70,000 da doka ta yanke a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi ba. In ya buɗe baki, a ce masa, "Haba, ai mu nan 'yan gida ɗaya ne." Ƙanin wannan shi ne "mai tafiya da jama'a": oga ya yi ɓarna, shi ya amsa takardar tuhuma.

Duk waɗannan sun cika layi tun da asuba, kowa da farin ambulan a hammata da aron kwat a wuya, an sallame su da "za mu neme ku". Ɗan Lele kuwa bai ga tallan ba ma. Sai bayan azahar ya iso, riƙe da ɗan katin da aka yi rubutu a bayansa da koren biro. Shi ma fa an yi masa intabiyu, kada a ce ba a bi ƙa'ida ba. Tambaya biyu ce: "Ya Alhaji? Ya ƙarfin jikin Hajiya?"