Wuƙar Ce Ta Zame

Zafin bazarar Kano ne ya saya mini firji, ba son gayu ba. Azumin 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana ke kaiwa digiri 40, masu ƙanƙara kuma suka zama sarakunan unguwa. Kullum da la'asar sakaliya sai ka gan ni a layi, ina yi wa yaron da na haife shi "ranka ya daɗe" don ya sara mini ɓangaren da bai narke ba. Ranar da na isa gida da leda cike da ruwa, uwargida ta karɓa, ta juya ta, ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam. Amma ruwa kam muna da shi a randa." Washegari na nufi kasuwar Sabon Gari.

Aljihuna na gwanjo ne, don haka wurin 'yan gwanjo na fara tsayawa. Mai shagon yana da tsoron Allah. Da ya ga na ƙyalla ido a kan wani ɗan kwatano, sai ya juya mini bayansa ya nuna wata 'yar takarda da aka liƙa. A jikinta akwai harafin da ke faɗin zafin da injin zai iya jurewa: N iyakarsa digiri 32, ST ya kai 38, T ya kai 43. Nawa N ne. "Alhaji, wannan a Turai ya yi rayuwarsa. In ka kai shi ɗaki mai rufin kwano a watan nan, shi ma ƙanƙara zai nema." Haka na ƙara kuɗi na ɗauki sabo mai harafin T, ɗan ƙarami mai lita 90, tsayinsa iya ƙugu, ƙofa ɗaya, da ɗan akwatin ƙanƙara daga sama. Mai shagon ya ci gaba da wani bayani, amma lokacin ina ƙirga canji, kuma ban san mai hankalin da ke sauraron magana yana ƙirga kuɗi ba.

Mai Adaidaita Sahu ya kwantar da firjin a kujerar baya, ni kuma na raɓa a gefensa, rabin jikina a titi. Muna isa gida na tarar akwai wuta. Wanda ya san unguwarmu ya san wannan ba lokacin dogon nazari ba ne. Na tayar da shi tsaye, na kwance waya. Uwargida, wadda ta riga ta zaro takardar da ke cikin kwalin, ta ce an rubuta a bar shi a tsaye na wasu awanni kafin a kunna. Na ce mata waɗanda suka rubuta takardar ba su taɓa kwana a layinmu ba. Ina miƙa hannu ga soket, ɗif, aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai washegari. Daga baya mai gyara ya bayyana mini cewa akwai mai a cikin kwamfiresa, in aka kwantar da firji sai man ya gangara cikin bututun gas, in aka kunna kafin ya koma mazauninsa injin zai yi aiki a bushe. Awa huɗu ake ba shi, in kuwa ya daɗe a kwance a bar shi kwana guda. Har yau uwargida cewa take ita ta ceci firjin, alhali kowa ya ga wanda ya cece shi.

Ita ma dai ba ta fita ba, kuma ina jin daɗin rubuta wannan. Ta tura shi lungu ta manna da bango, ta yafa masa wani mayafi mai aikin saƙa da ya sauko har gefe da gefe, ta jera masa saitin kwanukan aurenta a ka. Ƙaninta, wanda ke karatun kimiyya a jami'a kuma ba ya bari a manta, ya zo shan ruwa ya dafa gefen firjin ya janye hannu. "Yaya, ai kun shaƙe shi." Wai firji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafin da ke ciki yake kwashewa ya zubar a waje ta bututun da ke bayansa ko waɗanda aka binne a gefensa. In ba iskar da za ta ɗauke zafin, injin ba zai huta ba, ga cin wuta, ga gajarta kwana. Sai a bar masa kamar santimita 10, wato faɗin tafin hannu, ta baya da gefe, nesa da risho da hasken rana. Aka cire mayafi. Kwanukan kuwa ni na sauke su da kaina, bayan daren da suka dinga kaɗawa na fito da taɓarya ina neman ɓarawo. Ashe daɓen ɗakin ne ba daidai ba, injin na tashi sai firjin ya hau rawa. Ƙafafunsa na gaba murɗa su ake yi, a ɗan ɗaga gaban har ƙofa ta riƙa komawa da kanta.

Sai maganar wuta. Soket ɗin bango ya yi nisa, amma muna da wani ekstenshan mai haƙuri da ke ɗauke da talabijin, fanka, dutsen guga da cajar wayar duk wanda ya shigo gidan. Matsalarsa ɗaya: raminsa biyu ne, filogin firji kuma haƙori uku gare shi. Na duba na ga haƙorin na uku ba abin da yake yi sai tsayi, na taimaka masa da filaya. Wata asuba na idar da alwala, ba takalmi, hannu jiƙe, na dafa firjin zan ɗauko ruwan sahur. Rawar da na yi a wurin ko ranar aurena ban yi irinta ba. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya, ko wa'azi ne ya ratsa ka?" Haƙorin nan shi ke kwashe wutar da ta ɓalle zuwa jikin ƙarfe ya kai ta ƙasa. Da ba ya nan, sai ta nemi wata hanyar, ta same ni. Me ya hana masu ƙera shi su rubuta hakan a jikinsa? Uwargida ta ce yana cikin takardar. Ita komai yana cikin takardar.

Ekstenshan ɗin ma bai daɗe ba ya fara warin roba. Kwamfiresa in za ta tashi tana fizgar wuta ninkin abin da take ci in ta kama aiki, siririyar waya kuwa ba ta jure wannan. Na kira mai wayarin ya yi wa firji soket nasa shi kaɗai, mai rami uku da wayar ƙasa. Shi ne ya koya mini sauraron wannan "ƙas… ƙas" da injin ke yi in an kawo lo karan, ƙwan lantarki ya yi ja. Wutar gida a ƙasar nan volt 230 ce a ƙa'ida. In ta faɗi ƙasa sosai, injin zai yi ta yunƙurin tashi yana kasawa yana ɗaukar zafi har ya ƙone. Na ƙara kuɗin sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, domin in an ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, sai an ba gas ɗin kamar minti biyar ya daidaita kafin injin ya sake tashi. Zuwa nan kuɗin 'yan rakiya sun fara hararar kuɗin amarya.

Duk wannan wasa ne a kan maƙwabta. Gidan haya muke, kuma a gidan haya ba wanda ke da firji shi kaɗai. Yaro zai yi sallama da jarka, "Wai in ji Mamanmu don Allah a sa mata zoɓo." Kafin ka rufe ƙofa wani ya zo da lamurje, wata da fura, wata da tukunyar miyar kuka tana tururi, ta ce ai firji ne, zai hucar da ita. Tana hucewa kam, bayan ta ɗumama duk abin da ta tarar. Wani ya kawo daddawa a buɗe, aka yi kwanaki ruwan shanmu yana ƙanshin miya. Wani gwani ya cusa kwalbar lemo a akwatin ƙanƙara, bai san ruwa yana ƙara girma in ya daskare ba, muka kwashe gilashi da safe. Kunun aya kuwa ya kwana ba wuta, ya kumbura, mai shi ta buɗe murfi a tsakiyar falona, har silin sai da ya sha. Firji in an ɗauke wuta yana riƙe sanyin abinci kamar awa huɗu, in ba a buɗe shi ba. Namu ana buɗe shi ko don a duba in yana nan.

Mutum ɗaya ne ban yi wa guna-guni ba, wani dattijo mai ciwon sukari da ya kawo ajiyar allurarsa ta insulin. Don girmamawa na nufi akwatin ƙanƙara da ita, wuri mafi sanyi, wurin manya. Ya riƙe mini hannu. "A'a, ɗana, kashe ni za ka yi? Tsakanin digiri 2 da 8 take so. In ta daskare ta tashi aiki." Muka ware mata gurbi a tsakiya, nesa da ƙanƙara, na hana kowa taɓawa. A bakinsa na ji cewa cikin firji digiri 4 ya ishe shi, ba sai an murɗa lambar har ƙarshe ba kamar yadda wani ya yi a gidan. Shi kuma ɗan akwatin ƙanƙarar nan mai alamar tauraro ɗaya iyakarsa digiri 6 ƙasa da sifili, ba 18 na babbar firiza ba, don haka ba wurin ajiye naman layya ba ne har wata da watanni.

Buɗe-rufe, abinci mai tururi da lamba a ƙarshe, ga damina ta kawo laima, sai ƙanƙara ta yi ta taruwa har ta haɗiye akwatin. A cikinta kuma akwai ledar naman da za a yi wa surukaina miya, suna hanya daga Gumel. Na ja, ta ƙi. Na roƙa, ta ƙi. A nan nake so mai karatu ya yi adalci: baƙi na tafe, ga nama ana hango shi, ga wuƙa a kan tire. Ban soki komai ba. Ƙanƙara nake ɓanɓara a hankali, cikin natsuwa, wuƙar ce ta zame.

"Tsssss!"

Na yi tsalle na yi waje ina ihun maciji. Maza suka fito da sanduna. Uwargida, wadda ke riƙe da ashana za ta kunna risho, ta jefar da ita ta hau buɗe tagogi tana cewa kada wanda ya taɓa makunnin wuta, kada wanda ya ƙyasta komai. Gas ɗin da ke cikin yawancin ƙananan firji na yanzu R600a ne, ɗan uwan gas ɗin girki, kuma yana kamawa da wuta. Bai da yawa, bai kai giram 100 ba a irin namu, amma a rufaffen ɗaki da ashana ba a gwada shi. Ta ina ta sani? Kun riga kun san amsa. Masu sanduna suka tsaya cirko-cirko, ɗayansu ya tambaya ko zai iya ɗaukar zoɓon matarsa tun da sauran sanyi.

Injiniya mai gyara ya zo ya leƙa, bai tambayi abin da ya faru ba. Cewa ya yi, "Wuƙa ce ko sukudireba, Alhaji?" Ya nuna mini cewa farantin akwatin siririn alminiyam ne, gas na bi ta cikin waɗansu jijiyoyi a jikinsa, ƙaramin tsini ya isa. Ya ce masu wuƙa ne ke biya wa 'ya'yansa kuɗin makaranta, ya kuma yi mini godiya. Yadda ake yi, in ƙanƙara ta kai kaurin rabin santimita, a zare filogi, a kwashe kaya, a bar ƙofa a buɗe, a sa kwanon ruwan zafi a ciki da tsumma a ƙasa, ta sauko da kanta. In an ƙagu a sa cokalin roba. Ya karɓi naira ɗari biyu a hannuna ya maƙale a ƙofa ya rufe ya ja, don ya gwada ko robar ƙofar tana kamawa. Tana kamawa. Kuɗin dai ba su dawo ba. Ya liƙe hujin, ya zuƙe iska, ya yi sabon ɗurin gas, ya caje ni abin da ban faɗa wa uwargida ba har yau.

Surukai suka ci tuwo da miyar da ba nama. Surukata, da ta ji labari, ta ce ita randarta ba ta taɓa jan kowa ba, ba ta kuma taɓa tara maza da sanduna ba. Ba ta yi ƙarya ba. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, mai ajiye tumatir da alayyafo ba wuta. Na faɗa mata haka don in nuna ina da karatu, ta ce to me ya kai ni Sabon Gari.

Yanzu firjin yana aiki lafiya. Uwargida na wanke shi da ruwan ɗumi da bekin soda bayan ta zare filogi, ta ajiye gawayi a ɗan kofi don wari, in za mu yi tafiya ta kwashe komai ta bar ƙofar a ɗan buɗe kada ya yi funfuna. Wuƙaƙen gidan kuma an canza musu wurin ajiya ba tare da an sanar da ni ba. Abin da ya rage shi ne wani kwano mai jan murfi da ke can ƙasa tun kafin Babbar Sallah, wanda kowa a gidan ya rantse ba nasa ba ne. In mai shi yana karanta wannan, ya zo ya ɗauki abinsa kafin Juma'a, ya kuma buɗe shi a ɗakinsa.