Kan Keke da Masu Riƙonsa

Rumfar mai gyaran keke ba ta rabuwa da masu ƙorafin jiki. Wannan wuya, wancan kafaɗa, wani kuma yatsu ne suka yi dindiris. A ƙarshe dai kan keken ake tuhuma, alhali sau da yawa mai riƙon ne ya jawo wa kansa.

Akwai Baba, dattijon da ba ya zuwa sai don a sa masa iska a taya. Kekensa baƙi ne wuluk, ko dai Raleigh, na kamfanin nan na Nottingham da ya taɓa kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano, ko kuwa Phoenix ɗan Shanghai. Kan keken ya ɗan tashi sama, sannan ya lanƙwaso baya ya taho wajen mahayi, ƙirar da mutanen Ingila suka laƙaba wa sunan ƙungiyar mahaya ta North Road da ke Landan. In ya kama, tafukan hannunsa kusan fuskantar juna suke yi, wuyan hannu bai karye ba, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, kafaɗu a sake. Zaune yake cak kamar hakimi ranar hawan sallah, babbar riga a naɗe, hula ba ta motsi, yana amsa gaisuwa dama da hagu. Iska na bugun ƙirjinsa, don haka ba ya sauri, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ce yana so ya yi. Irin zaman da ake yi ke nan a Holan, ƙasar da kekunanta suka fi mutanenta yawa. Birkinsa na sanda ne, a jikin kan aka haɗa shi, wanda zai canza ɗaya sai ya taɓa ɗayan. Baba kuwa ko ƙararrawar ba ya da niyyar canzawa.

Sai ɗan tsere. Ya kalli gasar Tour de France, wadda aka fara tun 1903, ko Tour du Faso ta Burkina Faso, zuciya ta ɗebe shi ya sayi keken gwanjo mai kai murɗaɗɗe ƙasa. An yi wannan kai ne don mahayi ya duƙa, saboda a gudun tsere iska ce ke cinye mafi yawan ƙarfin mutum. Shi kuwa namu tsakanin gida da kasuwa yake tserensa, a bayan Adaidaita Sahu, ba abin da yake ratsawa sai hayaƙi. Ƙirji a ƙasa, wuya a ɗage don ya ga gabansa. Da abin ya ishe shi sai ya kwance noti ya juya kan gaba ɗaya ya kalli sama. Baya ya huta, gaskiya ne. Amma yanzu hannayen birki shi suke kallo, in ya danna jikinsa ya tafi gaba ya ƙara danne su, ranar da akuya ta gitta sai dai a taya shi kakkaɓe riga.

Mai keken hawan dutse ba ya ɓuya a danja: da ya tsaya sai ya saki kai ya dinga yarfa hannu. Irin kekensa a tsaunukan Kalifoniya aka ƙirƙiro shi a ƙarshen shekarun 1970, kansa miƙaƙƙe ne mai faɗi don a iya sarrafa shi cikin duwatsu. A kan kwalta kuwa, doguwar tafiya sai nauyin jiki ya taru a gindin tafin hannu, daidai inda jijiyar da ke zuwa ƙaramin yatsa da na kusa da shi take wucewa. Yatsun nan biyu su mutu. Tambaye shi, zai rantse sanyi ne, har ya fara shan jiƙo. Ya naɗa soso, ya ɗaure da roba, duk a banza. Abin da yake bukata kai ne mai ɗan tashi da lanƙwasa zuwa baya.

Wanda ya kai wa mai walda aka yi masa dogon kai irin na Raleigh Chopper har ya wuce kafaɗa, ba sai an daɗe a kansa ba. Hannu a sama yake tafe, kwana ba ya shanuwa daidai, amma 'yan unguwa suna kallonsa, bukata ta biya.

Wanda ya fi ba mai gyara tsoro shi ne mai zare wuya. Ya ji an ce a ɗaga kai, sai ya yi ta jan ƙarfen wuyan sama. A jikin ƙarfen nan akwai layi da aka zana, iyakar da ba a yarda ta fito fili ba. Shi sai ya wuce ta da yatsa biyu. "Oga, wannan fa zai ɓalle a rami," in ji yaron shago. "Kai dai ɗaure, Allah ne ke tsarewa."

Ga kuma mai awo, wanda ba ya magana sai da milimita. Zai gaya maka tsakiyar kai, inda wuya ke kamawa, a tsofaffin kekuna da na gari yawanci 25.4 ne, na zamani kuwa 31.8. Wurin riƙo 22.2 ne a miƙaƙƙen kai da mai lanƙwasa baya, na tsere 23.8, shi ya sa hannun birkin wannan ba ya zama a wancan. Zai ƙara da cewa in kai ya yi sama, wayar birki da ta giya sun yi gajarta, sai an sayi dogaye. Mutane na gudunsa, abin haushin kuma duk abin da ya faɗa haka yake.

Na ƙarshen zuwa shi ne wanda ya yi komai daidai, ya miƙe zaune, bayan 'yan kwanaki ya dawo yana tafiya a tale. Nauyin da ya bar hannu mazaunai ya koma, sirdinsa kuwa siriri ne na tsere. Zaman miƙe sirdi mai faɗi yake so, mai sifirin a ƙasa, irin na Baba.

Mai niyyar sayen sabon kai ya tafi kasuwa da kekensa, kada ya saya da ido. A ɗaura masa, ya hau ya zagayo layi. In ya ga wuyan hannunsa ya karye, ko sai ya miƙe hannu gaba ɗaya kafin ya kamo mariƙi, ya ce a kwance a kawo wani, kuma ya riƙe kuɗin wayar birki a aljihu.