Cinyar Rago da Fatawar 'Yan Kallo

A makon nan wani abokina ya gayyace ni zaurensa bayan sallar la'asar domin mu kalli wani gajeren fim na Amurka wanda tsawonsa bai cika rabin sa'a ba, na kuwa tafi da ɗoki, domin an ce mini aikin Alfred Hitchcock ne, Baturen Ingilan nan da ya shahara wajen sa gaban mai kallo ya riƙa faɗuwa. Amma ba mu ga ƙarshen fim ɗin nan ba sai da ladan ya kira lisha, kuma har yanzu da nake wannan rubutu akwai waɗanda ban yafe wa ba daga cikin jama'ar da suka halarta.

Sunan fim ɗin Lamb to the Slaughter, an fara nuna shi a talabijin a 1958, an kuwa ɗauko shi daga wani labari da Roald Dahl ya wallafa a 1953. Tun da yake ni an riga an ɓata mini shi, ban ga dalilin da zai sa in raga muku ba. Wani ɗan sanda ne ya komo gida, ya iske matarsa, mai juna biyu, tana rawar jiki za ta kawo masa abinci, sai ya shaida mata cewa zamansu ya ƙare. Ita kuwa ba ta yi kururuwa ba, ba ta ce a kira waliyyinta ba, sai ta je ta ɗauko cinyar rago daga firiza, wadda sanyi ya daskarar ƙam, ta kwaɗa masa a ƙeya, ya faɗi ko shurawa bai yi ba. Sa'an nan ta sa cinyar a wuta, ta tafi kanti domin a shaide ta, ta komo ta kira abokan aikin mamacin, suka yi ta bincike suna neman makamin da aka yi ɓarnar da shi har yunwa ta kama su, uwargida ta roƙe su su taɓa ɗan abinci, suka zauna suka cinye makamin tas.

To, a cikinmu akwai wani Alhaji wanda ya taɓa ganin fim ɗin, kuma duk wanda ya san gidan kallo ya san babu jarrabawar da ta kai zama kusa da wanda ya taɓa gani. Matar nan ba ta gama buɗe firiza ba sai ya gyara zama, ya taɓa gwiwata, ya ce, "Malam, dubi naman nan da kyau, da shi za ta kashe shi." Da na harare shi sai ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ni ai ban faɗi komai ba. Na gaya maka 'yan sanda ne za su cinye?"

A bayanmu kuma wani saurayi ya miƙe tsaye yana yi wa mijin nasiha da iyakar muryarsa, "Waiwaya, kai! Waiwaya!" alhali tun 1958 aka ɗauki hoton mutumin nan yana kallon gabansa; da ya faɗi kuwa, sai yaron ya zauna cikin takaici yana cewa, "Ai na gaya masa." Wannan ban zarge shi da yawa ba, gado ya tarar, domin tun da aka buɗe silimar Rex a Kano a 1937 kakanninmu suke yi wa ekta ihu cewa bos na bayansa, har yau kuwa ba a ji ektan da ya karɓi shawara ba. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne wani da ya shigo ana tsakiyar bincike, ya bi kowa da musafaha da tambayar iyali, kana ya nuna gawar ya ce, "Wannan kuma me ya same shi?" aka mayar da fim farko saboda shi. Hitchcock, sa'ad da ya fitar da Psycho a 1960, sharaɗi ya kafa wa gidajen silima cewa kada a bar kowa ya shiga bayan an fara. Da a garinmu ne, mai tsaron ƙofa zai iske makararren surukin kawunsa ne, ya buɗe masa har da durƙuso.

Duk wannan sharar fage ce. Asalin fitina ta taso ne sa'ad da wani malami, wanda tun farko bai ce uffan ba, ya yi gyaran murya ya ce a tsayar da na'ura, akwai mas'ala. Shin kisan nan na ganganci ne, ko kuwa mai kama da ganganci? Ya ce a mazhabarmu ta Imamu Malik kisa iri biyu ne, ganganci da kuskure, saboda haka ƙisasi ya hau kan matar, sai dai a jinkirta har ta sauka, kuma ba ta da gadon mijin ko anini. Wani almajirinsa, wanda ya ɗan leƙa littattafan Hanafiyya kuma yake neman inda zai nuna haka, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai Abu Hanifa bai wajabta ƙisasi ba idan da abu mai nauyi aka yi kisan, ba da mai kaifi ba, to cinyar rago a wane babi take?" Nan fa aka shiga ƙiyasi, wasu suka riskar da ita ga kulki, wasu ga taɓarya, wani ya ce a duba ko ƙashin yana da tsini. Ba a rufe wannan babi ba aka buɗe na halaccin naman: wa ya yanka ragon, ya ambaci sunan Allah ko bai ambata ba, jinin mamacin ya taɓa cinyar ko bai taɓa ba, kuma 'yan sandan da suka cinye hujja bisa rashin sani, da zunubi a kansu ko an ɗauke musu alƙalami? Wani mahauci da ke bakin ƙofa ya nemi a matso da hoton, ya ƙura ido, ya yanke hukunci cewa cinyar ɗan ƙaramin rago ce, da ta Balami ce da sai an haɗa da kujerar da ke kusa. Har ya faɗi abin da za ta kai a kasuwa yau, jama'a suka yi salati, salatin da ba su yi ba sa'ad da mutumin ya faɗi.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai, in ajiye raha, shi ne mun zama al'ummar da ba za ta iya yin shiru na rabin sa'a ba, kuma kowannenmu ya ɗauki riga kowa sani tamkar wata sarauta. Alhajin nan da ba ya iya riƙe ƙarshen fim a cikinsa, shi ne dai wanda zai sa hoton mamaci a Facebook tun kafin a sanar da uwar da ta haife shi, ya kuma zauna yana jiran a yaba masa da saurin kawo labari.

Amma wanda ya kashe bakin kowa wani dattijo ne da ya ce fim ɗin gaba ɗaya ƙarya ce, hujjarsa kuwa ita ce, a ina aka taɓa ganin firizar da nama zai daskare a cikinta har ya kashe ƙato? A unguwarsu, in ji shi, kafin cinya ta yi sanyi masu wuta sun ɗauke abarsu, shi ya sa kowace layya mata suke kwana a bakin kasko suna suya. Aka yi ijma'i a kan wannan ba tare da ko mutum guda ya saɓa ba, har malamin ya ƙara da cewa la'alla rashin wutar nan wata rahama ce a ɓoye ga magidanta, domin tarihi bai kawo labarin wanda aka halaka da kilishi ko dambun nama ba.

Abin da hayaniya ta hana su ji shi ne, Hitchcock da kansa ya riga dattijon nan. A jawabin da yake fitowa ya yi bayan an gama fim, ya bayyana cewa asirin matar ya tonu ne da ta gwada wannan dabara a kan mijinta na biyu, wanda shi kuwa mai mantuwa ne, bai jona firiza da wuta ba, naman ya yi laushi. Saboda haka magidantan da suka sa sola a gidajensu bana, suke kuma tunanin ƙara aure, ina ba su shawara su fara leƙa firiza kafin su buɗe baki.