Tukunyar Da Na Tono A Birmingham

In ka ji labarin ƙasar Ingila a bakin masu yawo da na'urar gano ƙarfe, sai ka rantse asusu ce aka lulluɓe da ciyawa. Rumawa sun yi kusan shekara 400 a nan, sun binne nasu. Waɗanda suka biyo bayansu ma sun binne, kuma da yawansu ajali bai bar su sun dawo ɗauka ba. A 1992 wani dattijo mai suna Eric Lawes ya shiga gona a ƙauyen Hoxne neman gudumar da abokinsa ya yar, ya fito da tsabar kuɗin Rumawa sama da 14,000, zinare da azurfa. Gudumar ma an gan ta, yanzu haka tana ajiye a British Museum. A watan Yulin 2009 kuma Terry Herbert, mutumin da ko aikin yi ba shi da shi, ya tono tarin zinare a wata gona kusa da Hammerwich. Aka yi wa kayan kuɗi fam miliyan 3.285, suka raba biyu da mai gona. Jaridu suka ce na'urar tasa fam 2.50 ya saye ta a gwanjo.

Wannan fam 2.50 ɗin shi ya hana ni barci.

A Birmingham nake zaune, aikina ɗaukar kwali a wani katafaren sito daga safe zuwa yamma. Wani ɓangare na zinaren Herbert yana gidan tarihin garinmu, har na taɓa kai yara. Su suna kallon adon ƙotar takubba, ni ina lissafi. Hammerwich ba ta kai tafiyar awa guda a mota daga ƙofar gidana ba. Na ce a raina, ai wanda ya binne wancan ba zai zama shi kaɗai ne mai kuɗi a yankin ba.

Ranar wata Lahadi na tafi kasuwar da Turawa ke buɗe bayan mota su baje tarkacen gida, na samo tawa a kan fam 30. Mai ita ya haɗa min da abin sawa a kunne da ɗan ƙaramin shebur, kyauta. Tun da nake ban taɓa ganin Bature ya yi gyara ba sai ran nan, har da rako ni da fatan alheri.

Uwargida ta dube ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wannan kuma sandar goge-goge ce ko ta guragu?"

Na ce, "Ta haƙar arziki ce."

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a. In an tono, a fara da injin wanki."

Masu wannan sana'a gonaki suke shiga, da yardar manomi, sau da yawa har a rubuce. Ni kuwa ban san manomi ko ɗaya ba a duk faɗin Birtaniya. Amma akwai filin shaƙatawa a bayan layinmu, mai bishiyoyin da suka girmi kakana, kuma kullum ana cewa na kowa da kowa ne. Na ɗauka maganar ta haɗa har da abin da ke ƙarƙashinsa.

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar na fita: jallabiya, kwat a sama, hular sanyi, da takalmin aikina saboda taɓo. Aikin na'urar ɗaya ne da na sandar nan da ake shafa wa mutane a ƙofar masallacin Juma'a, sai dai ita wannan tana bambance murya. In ƙarfe ne zalla, ta yi gurnani. In tagulla ce ko azurfa, ta yi siririn kuka. Zinare kuma, don a jarrabi bayin Allah, muryarsa kusan ɗaya da ta alminiyom, wato ɗan zoben nan da ake ja a buɗe gwangwanin lemo. Mutanen Birmingham kuwa akwai shan lemo, har da abin da ya fi lemo.

Taku na farko na'ura ta yi kuka. Na durƙusa na tona, ba komai. Na miƙe na ƙara taku, ta sake yi. Na tona, ba komai. Sai na gane kayan suna da zurfi ne, kuma a jere aka binne su, irin yadda mai hankali zai yi. Na zage damtse. Kafin gari ya gama wayewa gumi ya jiƙe jallabiya a cikin wannan sanyin, ni kuwa ina ta tunanin wane ne zai riƙe min ginin gida a Katsina ba tare da ya cinye kuɗin siminti ba.

Ashe wani tsoho da karensa sun daɗe suna kallona. Ya matso a hankali ya ce, "Barka da asuba, abokina. Takalmin nan na wajen aiki ne?"

Na ce e.

Ya ce, "Akwai ƙarfe a bakinsa ke nan?"

Na waiwaya. Ramuka sun yi layi ɗoɗar tun daga bakin ƙofa, tsakanin kowane da ɗan'uwansa taku ɗaya cif, nawa.

Tsohon bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce ya yi shekaru yana wannan harka a ƙungiyarsu, kuma babu wanda bai taɓa farautar ƙafarsa ba. Na tuɓe takalma na ajiye gindin bishiya, na ci gaba da safa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Daga nan kasuwa ta buɗe: marafen kwalba, zobban gwangwani, ƙusa, mabuɗin da ba a san ƙofarsa ba, rabin cokali. Na sami 'yan kwabbai biyu-biyu na zamani da suka yi tsatsa har ba a gane fuskar Sarauniya, domin tun 1992 da ƙarfe ake yin su, a shafa musu tagulla a sama. Har Turawa sun iya wanka da kamar jirwaye.

Can gindin wata tsohuwar bishiya sai kukan ya canza, siriri, tas. Na kwarfe ƙasa, ga wani faffaɗan kwabo, ya yi kore, da nauyinsa a hannu. Na goge da gefen jallabiya. Kan wani sarki mai gemu ya bayyana, a ɗaya gefen kuma 1917. Hannuna na rawa na ɗauki hotonsa, na tura zauren danginmu na WhatsApp, na rubuta kalma biyu: "An fara."

Tsohon yana ƙoƙarin ce min wani abu, ban tsaya ji ba, domin 'yan taku kaɗan gaba na'ura ta kurma wani ihun da ya kusa fasa min kunne. Na tona. Shebur ya ce ƙwal. Na share da hannu, sai ga baƙin ƙarfe mai doro, da'irarsa ta fi faranti. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san a tukunya ake binne kuɗi. Na yi bisimilla, na soma ƙwanƙwasa ta da bakin shebur in ji ko cike take.

Tsohon ya leƙo ta kafaɗata. Ya ce, da muryar nan tasu da ba ta hawa ba ta sauka, "Da ni ne kai, da na daina bugun abin nan. Jiragen Jamus sun yi wa garin nan ruwan bama-bamai a 1940, kuma ba duka suka tashi ba. A 2017 ma an tono wani mai kilo 250 a Aston, sai da aka rufe babban titi."

Ban san na iya gudu haka ba. Abin kunnen yana kaina, wayarsa tana haɗe da na'ura, na'ura tana biye da ni tana kuka, kare yana biye da na'ura yana haushi, jallabiya ta naɗe min ƙafa. Safa ɗaya ta zauna a taɓo. Ramin da ya kayar da ni kuwa, nawa ne, na uku ko na huɗu daga ƙofa.

A kwance nake wata ma'aikaciyar filin ta iso, cikin riga mai ƙyalli. Ta je ta leƙa bam ɗin, ta dawo ta ce murfin famfon da ke ba filin ƙwallo ruwa ne. Sannan ta ce, "Yi haƙuri, yallaɓai." Wanda ya zauna da mutanen nan ya san in sun fara da ba ka haƙuri, to, kai ne za ka yi shi. Ta kai ni gaban allon da ke bakin ƙofa, wanda na sha wucewa ban taɓa karantawa ba. An hana tona ƙasa sai da izini. Ta ƙara da cewa abin da ke cikin ƙasa na mai ƙasar ne, wato kwabon nawa ma na hukumar gari ne. Na miƙa mata. Ta juya shi, ta dubi tsohon, ya dube ta, ta mayar min da abina. Hukuncina shi ne in cike ramukan nan kaf, in mayar da ciyawa yadda take, kafin yara su zo ƙwallo. Na yi, da safa ɗaya, iyaye suna isowa suna gaishe ni cikin ladabi.

Ina cikin cikon ne tsohon ya ƙarasa maganar da na katse. Sarki Joji na Biyar ne a jikin kwabon. Miliyoyi aka buga, 240 ke yin fam guda, kuma an ci gaba da kashe su har 1971, lokacin da aka sauya tsarin kuɗi. Shi kansa yana da cike da bokiti a gareji. Ya ce da ma dukiyar gaske ce, dokar 1996 ta ba ni kwana 14 in kai rahoto ga alƙalin da ke binciken mutuwar da ba a gane kanta ba. Dalilin haɗa samun arziki da wannan ofis, sai Turawa. Wasu mutum biyu da suka tono kayan zamanin Viking a Herefordshire suka ɓoye, a 2019 aka aika su gidan yari na shekaru.

Na dawo gida na kunna waya, ta ɗau zafi. Mutanenmu sun san irin wannan na'ura, da ita aka yi ta tsintar zinare a Jado ta Nijar tun 2014, don haka babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Kafin azahar "An fara" ta zama tukunya, kafin la'asar ta zama tukwane bakwai. Ƙanina ya rubuto, "Yaya, ni babur mai ƙafa uku kawai." Gwaggo ta aiko da murya, rabi guɗa rabi kuka, ƙarshenta kujerar Makka. Wani abokin karatuna da ya zama malami ya tunatar da ni cewa binnanniyar dukiya khumusi ake fitar mata, ɗaya bisa biyar, kuma yana da makaranta.

Da dare Hajiya ta kira ta bidiyo. "Kai ɗan nan, dukiyar ƙasa da masu ita. Ba su biyo ka ba dai ko?"

Na ce, "Sun zo, Hajiya. Mace ce, da riga mai ƙyalli. Mun rabu lafiya."

Na nuna mata kwabon. Ta kawo ido kusa da waya ta ce, "Wannan ko huda babu? Ai namu na da sun fi shi kyau." Nan ta shiga lissafo su: anini, ɗari, kwabo, duk da hudarsu a tsakiya da tauraro da rubutun Larabci, sai taro, sisi, sule, fataka. Na gaya mata da yawan masu hudar nan a garin da nake aka buga su, a masana'antun Heaton da King's Norton, kuma masu tara tsofaffin kuɗi suna sayensu yanzu. Sai na tuna wani gwangwanin madara da ke ƙarƙashin gadonta tun muna yara, cike da su. Na gyara murya na tambayi lafiyarsa.

Ta ce, "Wanne? Ai bara na ba ɗan gwangwan, ya ba ni bokitin roba. Mai murfi ma."

Saboda haka jama'ar gida, da na Katsina da na Maraɗi da waɗanda ban san muna da zumunci ba sai makon nan, ga gaskiyar magana: kwabo ɗaya ne, na 1917, ko burodi ba zai saya ba, kuma ma ba nawa ba ne, alfarma aka yi min. Malam, in ka san yadda ake raba shi biyar, ka zo da zarto. Sauran kuma don Allah a daina kira bayan sha biyun dare, da asuba nake fita ɗaukar kwali.